Dutsen Kan Kabarin Malam Inuwa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Inuwa na Kibiya, kuma uku daga cikinsu na yi su ban san inda kabarinsa yake ba. Ba ruwa ne ya tafi da shi ba, ba hanya aka fitar ta kansa ba. Mijin 'yarsa, Nasiru, wanda 'yan koren siyasa ke kira Honarabul ko da yake ko akwatin layinsu bai taɓa ci ba, shi ya shiga maƙabarta da rana tsaka, ya tuge dutsen da na dasa da hannuna a wajen kan mamacin, ya jefa a bayan mota, ya tafi Kano neman mai saye. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya zaci irin waiwayen nan ne da ake jera yabo, a ce marigayi mai haƙuri ne, mai zumunci ne, a shafa fatiha a tashi. Malam ya cancanci yabo, zan kuma yi masa. Amma da ciwo nake rubutun nan, kuma ba zan sakaya sunan wanda ya ji mini shi ba.

Sunana Haladu, faci nake yi a bakin hanyar da ta fita daga Kibiya ta nufi Rano. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, don haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri. Ɗan abin da na sani game da sama da abin da ke yawo a cikinta ba a aji na koya ba, a rumfar facina na koya, daga bakin Malam. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma ya girme ni nesa, har a ɗakin matarsa Yaya Hansai na ƙarasa girma bayan iyayenmu sun rasu. Malamin firamare ne tun yana saurayi har ya yi ritaya. Dogo ne na ban mamaki, kowace ƙofa sai ya sunkuya. Ba shi da mota, ba shi da babur. Keke ne da shi da rediyo, kuma rediyon ta fi keken samun kulawa.

Dutsen da nake magana a gonarmu ta hanyar Tarai ya tsince shi, wata shekara ana huɗa. Garmar shanu ce ta ci karo da shi har bakinta ya lanƙwashe. Baƙi ne ƙirin, girmansa bai wuce kan rago ba, amma in ka zo ɗagawa sai ka ce ɗaure shi aka yi da ƙasa. Jikinsa duk 'yan ramuka, kamar an daddanna yatsa a malmalar tuwo. Malam ya kawo shi gida, ya kwance wata matacciyar rediyo, ya ciro mayen ƙarfen da ke cikin sifikarta ya kanga, sai ga shi ya manne. Ranar ko abincin rana bai ci ba.

Nan da nan gari ya ɗauka. Wasu suka ce gatarin aradu ne. Mata suka riƙa aiko da ƙwarya a wanke musu shi su sha, wai naƙuda ta zo da sauƙi, shi kuwa yana mayar da ƙwaryar da ruwanta yadda ta zo. Duk wanda ya tambaye shi ko da gaske daga sama dutsen ya faɗo, amsarsa ɗaya ce: wataƙila. Ya ce akwai duwatsun da ke faɗowa daga sama, kuma kusan haka kamanninsu suke. Amma kakanninmu sun narka tama a ƙasar nan, kashin maƙerarsu yana nan binne a gonaki, shi ma baƙi ne, shi ma wani mayen ƙarfe kan kama shi. Bai ga faɗowar dutsen ba, ba shi da abin gwaji, don haka ba zai rantse ba. Har 'yan majalisar hira suka sa masa suna Malam Wataƙila, yana kuma amsawa. Duk yaron da ya bi ta ajinsa ya ga dutsen nan a kan tebur, ya kuma ji wannan kalma da kunnensa. Nasiru yana cikinsu.

Bayan ya yi ritaya, kusan kullum da la'asar sai ya turo kekensa rumfata. Direbobi na jiran faci, manoma na dawowa daga gona, shi kuwa sai ya maida wurin aji. Ya kwantar da tsohuwar tayar babbar mota a ƙasa, ya ajiye gwangwanin madara a tsakiyarta, ya ce wannan rana ce, duniya kuma a kan tayar nan take zagayawa, zagaye ɗaya shekara ɗaya. Sai ya ɗauko tsohon tif ɗin keke, ya ja shi ya yi tsawo kamar ƙwai, ya ɗora a kan tayar yadda gwangwanin yana cikinsa, gefe guda ya shigo ciki, gefe guda ya fita waje. Ya ce to ga hanyar ɗaya daga cikin duwatsun da ke yawo a sama. Su ma rana suke zagayawa, ba mu ba. Galibinsu suna can nesa ba ruwansu da mu, amma akwai waɗanda hanyarsu ke matsowa kusa da tamu, wasu har su ratsa ta.

Na tuna wani direba ya ce masa, "To Malam, tunda hanyarsu ta ratsa tamu, me ya hana su make mu?"

Malam ya ce, "Kai hanyar gonarku ba ta ratsa burtali ba?"

"Ta ratsa mana."

"Sau nawa shanu suka tattake ka?"

Aka bushe da dariya. Ya ce sai ka iso mararrabar daidai lokacin da garken ya iso. In sun wuce da hantsi kai ka zo da azahar, kashinsu kawai za ka tarar. Sannan ya ɗaga gefen tif ɗin sama da yatsa, ya ce wasu ma ta sama suke bi, wasu ta ƙasa, kamar mota a kan gada da ruwa a ƙarƙashi. Ya ce in kun ji rediyo ta ce dutse zai wuce kusa da duniya, kada ku ɗauka kusa ɗin mai keke ne. Sau da yawa ya fi wata nisa. Ƙananan kuma da suke shigowa da gaske, yawancinsu a iska suke ƙonewa, ɗan abin da ya tsira shi ne ake tsinta a gona.

Maganar girmansu ce ta fi burge shi. Ya ce masu hangen sararin sama, duk da manyan madubansu, yawancin duwatsun ba sa ganin jikinsu, ɗigon haske kawai suke gani yana tafiya. Daga hasken suke kintatar girma. To amma ka hau dutsen Rurum da rana ka hangi ƙauye daga nesa: ɗan banɗakin da aka rufa da sabon kwano sai ya fi katafaren soron ƙasa ɗaukar ido. Ƙaramin dutse mai haske da babba mai duhu, daga nesa kusan ɗaya suke. Shi ya sa ba sa yanke magana, sai su ce girmansa tsakanin kaza da kaza ne, wani kamar rumbu, wani kamar gida, wani kamar unguwa. Malam yana ganin girmansu saboda wannan. Yakan ce ashe su ma 'yan wataƙila ne irina.

Akwai abu guda da ya faɗa wanda a lokacin ban ɗauke shi komai ba. Ya ce ganin dutse sau ɗaya ba ya isa a san hanyarsa. Sai an gan shi yau, an koma an gan shi gobe, an yi ta bibiyarsa, sannan a iya cewa ga inda zai kasance baɗi. Wanda aka hanga sau ɗaya aka juya baya, ɓacewa yake yi. Yana nan a sama bai je ko'ina ba, amma ba wanda ya san inda zai duba.

Ya rasu bayan gajeriyar jinya, ana cikin girbin gero. Da aka ɗora shi a makara ƙafafunsa sai da suka leƙo waje, masu haƙa kuma sai da suka koma suka ƙara wa ramin tsawo muna tsaye muna jira. Ni na shiga na karɓe shi. Da aka gama tara ƙasa, na kwance dutsen daga cikin rawanina na dasa a wajen kansa. Na tambayi liman tun a gida, ya ce sa dutse don a gane kabari ba laifi ba ne. Wanda bai san maƙabartunmu na ƙauye ba sai in gaya masa: ba suna, ba lamba, ba siminti. Wani fasasshiyar tukunya ce alamarsa, wani guntun icce, wani tsohon kwano. Tudun ƙasar kuwa damina biyu uku ta ishe shi ya kwanta. Iccen gara ta cinye, tukunyar ta farfashe. Dutsen Malam ne kaɗai ba gara ba tsatsa. Daga bakin ƙofa kana hango shi baƙi a cikin jar ƙasa.

Daga nan kowace Juma'a da hantsi nakan je in tsaya a kansa in yi masa addu'a. Mata ba sa shiga maƙabarta a wajenmu, don haka in an sauko daga masallaci sai in biya gidan in gaida Yaya Hansai. Tambayarta ɗaya ce: "Haladu, ka je wajensa?" In ce na je. Ta ce, "Ruwa bai zaizaye ba?" In ce bai zaizaye ba. Sai ta zubo mini fura. Ƙafata ita ce tata, idona shi ne nata. Shekara takwas muna haka.

Yanzu bari in zo kan Nasiru. Malam ne ya koya masa a, ba, ca. Da ubansa ya gaza, Malam ya ɗauke shi ya riƙe a gida, ya tsaya masa har ya gama sakandare, daga baya ya ba shi 'yarsa Rakiya. In ka tambaye ni sana'arsa, wallahi ban sani ba. Kullum dai yana cikin farar shadda mai ɗaukar ido, hula a karkace, waya biyu a hannu, yana bayan wani babba. In wannan babban ya faɗi, kafin sati ka gan shi bayan wanda ya kayar da shi, murmushin ma bai canja ba. Ranar jana'izar Malam ya iso an riga an fara tara ƙasa, ya tsaya daga nesa don kada takalminsa ya ɓaci. Tun daga ranar ban ƙara ganin ƙafarsa a maƙabarta ba, kuma da ya je da na sani, don ciyawar wurin ni nake cirewa.

Shekara uku da suka wuce aka yi labarin wani ƙaramin dutse da zai wuce kusa da duniya. A rediyo labari ne na minti ɗaya, suka ce ba abin tsoro. A waya kuwa sai ya fara ƙiba. Da safe girman rumbu ne, da azahar ya kai dutsen Rano, kafin magariba ya rufe jihar Kano, ga hotonsa da wuta a gindi, ga wani a gefe yana kuka yana cewa ku tuba, saura kwana kaza. Mutanen da ko jiya ba su san ƙasa na juyawa ba suka zama masana, kowa na tura wa kowa. Dutsen ya zo ya wuce, ko kaza ba ta firgita ba, ba kuma wanda ya ji kunya. Sai aka koma wani sabon yayi: wai Turawa da Larabawa na neman duwatsun sama ruwa a jallo, sun fi zinariya daraja, duk wanda ya tsinci ɗaya ya bar talauci. Wannan ce ta shiga kunnen Nasiru. Duk karatun da Malam ya yi masa a kan dutsen nan, ba abin da ya zauna a kansa sai cewa akwai shi, kuma ya san inda yake.

Ni a lokacin ina kwance. Tayar tifa ce ta fashe ina ba ta iska, zoben wilin ya tashi ya karya mini cinya. Aka kai ni wajen mai ɗori a Nariya, can na cinye damina ɗungurungum. Cikin wannan damina aka yi aikin gayya a maƙabarta, aka sassabe ciyawa, aka sare itacen marken da ke kusa da kabarin wanda nake kwatance da shi, saboda saiwarsa na shiga kaburbura, aka cike wuraren da suka rufta, aka baje. Aikin alheri ne, ban zargi kowa ba. Da dutsen yana nan da ba abin da ya ɓace.

Juma'ar farko da na iya dogara sanda, na je. Na tsaya a bakin ƙofa na duba, ban ga baƙin abu ba. Na shiga, na bi ta inda ƙafata ta saba bi, sai na tarar ƙafar ma da marken take aiki. Fili ne shimfiɗe, tudu nan, kwari can, kowanne kamar ɗan'uwansa. Na kira Malam Audu mai haƙa, wanda ya gaji aikin bayan waɗanda suka haƙa na Malam sun rasu. Ya ce, "Ai surukinku ne ya zo da mota farkon damina. Ya ce iyali ne suka aiko shi, za a kai dutsen a yi bincike a dawo da shi." Na ce to nuna mini inda ya cire shi. Ya ɗaga hannu ya share kusan rabin maƙabartar, ya ce, "Wajen nan ne dai." Ban ga laifinsa ba, mutum nawa ya binne.

Ranar da na shiga wajen Yaya Hansai ta ce, "Ka je wajensa?" na ce, "Na je maƙabarta." Ta dube ni. Tsohuwa ce amma ba ta da wauta. Na gaya mata komai. Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba, mijin 'yarta ne. Furar dai ta zubo. Amma har yau kowace Juma'a sai ta yi tambayar, da irin kalmomin da ta saba, ni kuma in ba ta amsar da ba ita take so ba. Na nemi Nasiru ya fi a ƙirga. Yau yana Abuja, gobe yana taro, jibi dutsen na hannun masana, Baba a ƙara haƙuri. Liman ya ce mini addu'a tana isa ko daga ina ka yi ta. Na sani, ban musa ba. Addu'a ba ta ɓatan hanya. Ni ne nake tsayawa a tsakiyar fili kamar wanda ya zo kasuwa ranar da ba ta ci.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga yau. Na san abu guda zai faranta masa rai. Na ji a rediyo cewa masu hangen nan yanzu suna gano irin waɗannan duwatsu fiye da da, har sun taɓa aika na'ura ta je ta daki wani ta ɗan karkatar da tafiyarsa, don gwaji. Da yana nan da ranar sai ya ƙarar mini da tif ɗin rumfa wajen kwatance. Amma da ya juyo ya dubi mutanensa, ban san inda zai sa fuskarsa ba. Kowa da waya a tafin hannu, abin da shi ya yi shekaru yana kasa kunne a rediyo don ya tsinta, ga shi nan a banza, amma ba wanda ke cewa wataƙila. Kowa ya tabbata. Wanda ya ce gobe za a tashi duniya ya tabbata, wanda ya ce dutse zai sa ya yi kuɗi ya tabbata. Can wata ƙasa mutum na zaune yana iya gaya maka inda dutse mai girman rumbu zai kasance shekaru masu zuwa, a cikin sararin da ba shi da iyaka. Mu a nan, a filin da bai fi gonar gyaɗa ba, mun kasa cewa ga inda mutum mai tsawon ƙofa yake kwance. Su sun bibiya ne, mu mun juya baya.

Abin da ya rage na Malam ba shi da yawa, ba zan yi ƙarya ba. Kekensa ya ruɓe, rediyon ta mutu. Ɗalibansa da yawa ko sunansa sai an tuna musu. Amma ranar da ake ta kururuwar dutsen nan a waya, wani magidanci da ya yi ajinsa ya zo faci, ya ji ana gardama a rumfata, sai ya ja taya da ƙafa ya kwantar, ya ce a miƙo masa tif. Na juya baya na yi kamar ina neman abu. Wannan ya rage. Tambayar Yaya Hansai ta rage. Sai ni.

Da maganar ta tsaya nan da ban rubuto ba. Amma zaɓe ya matso, Nasiru kuma ya gano cewa surukin malami abin ado ne. Makon jiya sai ga sanarwa tana yawo a waya: wai Honarabul ya gano kabarin surukinsa, ya sa masa allo, kuma za a yi taron addu'ar cika shekara goma sha ɗaya a ƙofar gidansa da ke Rano. Har da hotonsa a tsugune, ya ɗaga hannuwa, ya runtse ido, agogo na walƙiya.

Ranar taron da hantsi na fara zuwa maƙabarta. Ga allon nan na ƙarfe, kore shar, an rubuta da farin fenti: Marigayi Malam Inuwa, Masanin Taurari. Mutumin da bai taɓa yarda a ce ya san ko dutsen da ke kan teburinsa ba. An kafa shi dab da ƙofa, inda mota ke iya tsayawa, inda hoto zai yi kyau. Tudun kabarin ma bai gama kwanciya ba. Na tsaya a gefensa na dube shi daga kai zuwa ƙafa. Ko ni da nake gajere, da ƙyar zai ɗauke ni. Malam Audu ya matso yana sosa ƙeya, ya ce, "Na gaya masa, wallahi na gaya masa. Wannan na Iya Ladi ne mai daddawa, bara waccan muka sa ta. Ya ce in yi shiru, duk ƙasa ɗaya ce." 'Ya'yanta suna kudu wajen neman abinci. Tsohon murfin tukunyar da suka kifa mata, an cire an jefar don allo ya samu wuri.

Daga nan na hau babur sai Rano. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, ga lasifika, ga hoton Malam an buga shi ƙarami a kusurwa, na Nasiru ya cinye sauran. Na zauna a baya har malamai suka gama addu'a, don addu'a ba ta yi mini laifi ba. Da aka shafa, ya hango ni, ya taho da hannu biyu a buɗe, mai ɗaukar hoto na biye da shi.

"A'a, Baba! Sannu da zuwa. Ku ba Baba kujera a gaba mana. Baba ka ga aikin da muka yi?"

Na ce, "Na gani. Ina dutsen?"

Ya yi 'yar dariya, ya rage murya. "Baba, bar maganar dutsen nan. Ashe ba na sama ba ne. Na kai wa masu harkar a Kano, suka duba suka yi ta yi mini dariya, wai kashin maƙera ne. Ba shi da wani amfani. A nan bakin shagon na bar shi. Ka ga allon nan ai ya fi shi daraja, ga suna ga komai."

Na miƙe a kan sandata. Ban ɗaga murya ba, amma lasifika na kusa, kuma ban matsa ba.

Na ce, "Nasiru, Malam ya gaya maka kashin maƙera ne wataƙila, tun kana zuwa aji ba wando. Ni ma na sani. Ban dasa shi don daga sama ya faɗo ba, na dasa shi don in san inda zan tsaya. Wannan ne amfaninsa, kuma kai kaɗai ne a Kibiya ba ka san shi ba, don ba ka taɓa zuwa ka tsaya ba. Mutumin da ya ciyar da kai ƙafafunsa sun fi makara tsawo, ka je ka manna sunansa a kan tsohuwar da ba ta kai kafaɗata ba. Ka ɓatar mana da namu, yanzu kana so ka ɓatar wa 'ya'yan Iya Ladi da tasu. Kafin la'asar ka je ka tuge allon nan da hannunka, ba yaranka ba, ka nemo murfin tukunyarta ka mayar. In ba ka je ba ni zan tuge, in kawo maka shi nan ƙofar gida in kafa, tunda duk ƙasa ɗaya ce."

Ya ce, "Haba Baba, a gaban mutane?"

Na ce, "A gaban matattu ka yi naka. Kuma saura ɗaya. Shekara uku ina shiga wajen uwar matarka kowace Juma'a tana tambayata ko na je wajensa. Na gaji da amsa tambayar da ba ni na jawo ta ba. Juma'ar nan in an sauko, ina ƙofar gidanta ina jiranka. Ka cire hular nan, ka cire takalmin, ka shiga ka durƙusa. Za ta tambaya. Kai za ka amsa mata."